ORKIDE, KAUCI DA ƘUDUJI: BAƘON KIRKI DA BAƘON ƁARNA



A wata cibiyar karatun manya da ke kudu da Dakoro, bisa hanyar Kornaka, akwai wani tsohon kalanda manne ga bango. Hoton da ke ciki na wani tsiro ne mai ƙananan furanni, wanda ya kafu bisa reshen icce. Ranar da na kai ziyara, na tarar gardama ta kaure tsakanin ɗalibai. Wasu sun ce kauci ne. Wasu sun ce ba su taɓa ganin kauci mai irin wannan fure ba. Sai wani dattijo ya ce: "Malam, kome sunansa, duk abin da ya hau bisa wani, cin sa yake yi."

Maganar dattijon tana da gaskiya, amma ba ta cika ba. Tsiron da ke cikin hoton sunansa orkide, kuma ba ya cin iccen da ya hau. Wanda ke cin mu da gaske ba ya hawa bisa reshe, ƙarƙashin ƙasa yake aikinsa. Darasinmu na yau zai bi waɗannan tsirrai uku ɗaya bayan ɗaya: orkide, kauci da ƙuduji. A karanta shi a hankali, domin a ƙarshensa akwai maganar rumbu.

1. YADDA MASANA KE JERA TSIRRAI

Kowane mutum yana da sunansa, yana da danginsa, yana kuma da babban gidan da dangin suka fito. Haka masana suka tsara tsirrai. Akwai gida, cikin gida akwai dangi, cikin dangi akwai nau'i. Albasa da tafarnuwa dangi ɗaya ne, amma nau'i biyu. Wake da kwaruru su ma dangi ɗaya ne. Duk wanda ya dubi furensu da kyau zai ga kamar.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, mai suna Line, shi ne ya daidaita wannan tsari a shekarar 1753. Tun daga lokacin, kowane tsiro yana da suna biyu cikin harshen Latin: na farko sunan dangi, na biyu sunan nau'i. Amfanin haka shi ne, malamin gona na Maraɗi da na Indiya za su gane tsiro ɗaya suke nufi, ko da ba su jin harshen juna. Ga manomi kuwa amfanin ya fi haka. Wanda ya iya bambanta nau'i da nau'i, shi ne zai san maganin da ya dace da kowane.

2. ORKIDE, BAƘON DA KE ZUWA DA GUZURINSA

Gidan orkide yana cikin gidajen tsirrai mafi girma a duniya. An ƙidaya nau'i wajen dubu 28 a cikinsa. Ƙamshin banil da ake sa wa biskit da yawur daga ƴaƴan wani orkide aka fara samun shi, kuma tsibirin Madagaskar ne kan gaba wajen noman sa.

Cikin wannan gida akwai wani dangi mai ƙananan furanni da ake kira Polystachya. Wani masani ɗan Ingila mai suna Huka ne ya raɗa masa sunan a 1824. Ma'anar sunan a harshen Girka ita ce "mai zangarniya da yawa", saboda furanninsa suna jeruwa bisa kara kamar tsaba jikin zangarniya. Dangin yana da nau'i fiye da 200, kuma mafi yawansu ƴan Afirka ne. Polystachya galeata yana cikin kurmin Afirka ta yamma da ta tsakiya. Polystachya bella ɗan Kenya ne, furensa ruwan ɗorawa. Polystachya pubescens yana kudancin Afirka. Shi kuwa Polystachya concreta ya fi su yawo, don ana samun shi har ƙasashe masu zafi na Amurka da Asiya. Furen yawancinsu bai wuce girman ƙwayar wake ko ta gyaɗa ba.

Yawancin ƴan wannan dangi bisa rassan itatuwa suke zama. Saiwarsu tana manne wa ɓawo daga waje, ba ta huda shi. An lulluɓe ta da wata farar fata mai shan ruwa kamar soso. Da ita suke tarar ruwan sama da raɓa, da ɗan takin da ruɓaɓɓen ganye ke bari bisa reshe. Gindin karansu yakan kumbura, nan suke ajiyar ruwa don ranar fari. Wurin zama kawai suke ara ga icce, don su kai ga hasken rana. Ba su shan ruwansa, ba su cin abincinsa.

Ba mu ganin irin waɗannan bisa itatuwan Dakoro, domin suna son iska mai laima. Ruwan da muke samu, yawanci tsakanin milimita 300 da 400 a shekara, da rani mai tsawon wata takwas ko tara, ba za su riƙe su ba. Amma akwai abu guda da ya kamata mu riƙe game da orkide, wato ƙwayarsa. Ƙwayar orkide kamar ƙura take. Kwanso ɗaya yana ɗauke da dubbai, wani ma miliyoyi. Ba ta da guzurin abinci kamar ƙwayar wake ko ta hatsi. Saboda haka ba ta iya zama tsiro ita kaɗai, sai ta gamu da wani siririn zare na fumfuna, ɗan uwan naman kaza, wanda zai ciyar da ita har ta yi ganye. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

3. KAUCI, BAƘON DA KE SHA DAGA TULUN MAI GIDA

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kauci shi ma bisa reshe yake zama, amma halinsa dabam. Mun san shi bisa gawo, da bagaruwa, da aduwa, da magarya. Can kudu yana addabar kaɗanya da ɗorawa. Na ƙasarmu yawanci ƴan dangi biyu ne, Tapinanthus da Agelanthus. Furensu dogo ne siriri, kamar tsinken ashana.

Tsuntsu ne ke shuka kauci. Yakan ci ɗan, ƙwayar kuwa mai danƙo ce, sai ya goge ta jikin reshe. Nan take tsira, ta huda ɓawo, ta kai ga hanyar da ruwa ke bi cikin icce. Wurin da ta kama yakan kumbura ya yi ƙulli. Daga nan kauci yana shan ruwan icce da gishirin da icce ya jawo daga ƙasa. Idan ya yi yawa, reshen da ke gaba da ƙullin ya bushe, ƴaƴa su ragu, kuma a shekarar fari iccen na iya mutuwa.

Tsinke ganyen kauci ba ya kashe shi, zai sake tohowa. Sai an sare reshen ƙasa da ƙullin, wajen taƙi ɗaya ko biyu, da gatari mai kaifi, kafin kaucin ya yi ƴaƴa. A sare reshen da ya kamu kawai, kada a yi wa icce kwalkwabo.

4. ƘUDUJI, BAƘON DA KE SHIGA TA ƘARƘASHI

Yanzu mun zo ga babban abokin gaba. Wasu suna ce masa ƙuduji, wasu gaugai, a Najeriya kuma an fi ce masa wuta-wuta. Sunan danginsa Striga. A Ingilishi ana kiran sa ciyawar mayya, don shuka takan rame ta lalace tun ba a ga abin da ke cin ta ba. Dangin yana da nau'i fiye da 30, mafi yawansu a Afirka. Huɗu daga ciki ya kamata mu sani.

Na farko, Striga hermonthica, ƙudujin hatsi da dawa. Shi ne dogon, mai kai gwiwa ko fiye, mai fure ja-ja mai haske. Yana kama masara da shinkafar tudu da rake.

Na biyu, Striga gesnerioides, ƙudujin wake. Gajere ne, da wuya ya wuce taƙi ɗaya da rabi. Yana fitowa cunkus da rassa da yawa, ganyensa ƙanana ƙwarai, furensa fari-fari mai sirkin shuɗi. Idan aka tone gindin wake, za a ga ƙulli inda ya kama saiwa. Ba ya taɓa hatsi, kamar yadda na hatsi ba ya taɓa wake.

Na uku, Striga aspera. Yana kama da na hatsi, amma ya fi shi sirantaka. Ciyawar daji ya fi bi, sai dai yana kama masara da acca.

Na huɗu, Striga asiatica, mai jan fure. Ya fi ɓarna a gabashi da kudancin Afirka da ƙasar Indiya.

5. YADDA ƘUDUJI KE RAYUWA

Mutane da yawa suna cewa ƙasa ce ke haifar ƙuduji idan ta gaji. Gajiyar ƙasa tana da hannu, amma babu ƙudujin da ke fitowa ba daga ƙwaya ba. Abin da ya sa ba mu yarda ba shi ne, ido ba ya ganin ƙwayar cikin rairayi. Kamar ta orkide take, ƙura ce. Sai an jera uku kafin su cika milimita ɗaya. Gindi ɗaya da ya ƙosa yana iya zubar da ƙwaya dubu 50 ko fiye, kuma ƙwayar tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta mutu ba.

Ita ma, kamar ta orkide, guzurinta kaɗan ne. Idan ta tsira ba ta sami abin kamawa ba, cikin ƴan kwanaki za ta mutu. Don haka ba ta tsira da ruwan sama kaɗai. Bayan ruwan farko takan jiƙa mako ɗaya ko biyu, sa'an nan ta yi jiran alama. Alamar kuwa wani sinadari ne da saiwar hatsi ke fitarwa cikin ƙasa. Masana a Amurka ne suka fara ware irinsa a 1966, daga saiwar auduga.

To, don me hatsi zai fitar da abin da ke tada maƙiyinsa? An sami amsa a 2005, daga masanan ƙasar Japan. Ashe hatsi ba ƙuduji yake kira ba. Wasu zaruruwan fumfuna masu amfani yake kira, waɗanda ke manne wa saiwa su taimake ta jawo abinci daga ƙasa. Idan ƙasa ta rasa taki, musamman sinadarin fosfor da azot, sai hatsi ya ƙara ƙarfin kiran. Ƙuduji yana nan kwance yana saurare, sai ya amsa kiran da ba nasa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ya fi yawa a gonar da ta gaji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da ƙwayar ta tsira, sai ta manne wa saiwar hatsi, ta huda ta, ta fara shan ruwa da abinci. Takan yi mako 4 zuwa 7 ƙarƙashin ƙasa kafin ta leƙo. A wannan lokaci ne ake yin mafi yawan ɓarnar. Hatsi ya tsugune, ganye ya yi ɗorawa ya naɗe kamar ana fari, alhali ƙasa da laima. Bayan ƙuduji ya fito da kamar wata ɗaya sai ya yi fure, bayan ƴan makonni kuma kwanso ya fashe, ƙura ta zuba. A gonar da ya yi katutu, manomi na iya rasa rabin amfaninsa, wani lokaci ma duka.

Ƙwayar tana tafiya da iska, da ruwan da ke gudu bisa ƙasa, da kofaton dabbobi da kashinsu, da bakin hauya. Tana kuma bin irin shuka. Idan aka zube zangarniya ƙasa inda ƙuduji ya bushe, ƙurar ta manne mata, baɗi mu kai ta sabuwar gona da hannunmu.

6. ABIN DA ZA MU YI

Babu dabara ɗaya da ke gama da ƙuduji ita kaɗai. Sai an haɗa su, an kuma dage shekara bisa shekara.

Ciro kafin ya yi ƴaƴa. Da an ga furen farko, a ciro shi, a koma bayan kwana 10 ko 15 a sake ciro waɗanda suka biyo baya. Kada a yar da shi cikin gona ko bisa iyaka, domin wanda ya yi fure yana iya ƙosar da ƙwayarsa ko bayan an cire shi. Kada a ba dabbobi. A tara shi cikin buhu, a kai rami, a ƙone, a rufe da ƙasa. A tsaya har wutar ta mutu, don mun san abin da gobarar daji ke yi wa makiyayar Tarka. Ciron bana ba zai maido da hatsin bana duka ba, gonar baɗi da ta baɗin waccan yake ceto. A ci gaba da shi har bayan girbi, don a lokacin ne da yawa ke zubar da ƙwaya ba mai kula.

Ciyar da ƙasa. Takin gida da ya ruɓa sosai, da kwanan dabbobin makiyaya cikin gona da rani, suna rage kiran da hatsi ke yi. Wanda ba ya da ƙarfin watsa takin zamani, ya yi ɗan ƙwarya-ƙwaryan zubi cikin gurbi: giram 6 na takin 15-15-15, wato cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP. A gauraya shi da ƙasa, kada ya taɓa iri. A wanke hannu da sabulu bayan aiki, a kuma ajiye buhun nesa da yara da abinci.

Yaudarar ƙwaya. Akwai shuke-shuken da saiwarsu ke tada ƙwayar ƙudujin hatsi, amma ba ta iya kama su, sai ta tsira ta mutu. Cikinsu akwai gyaɗa, da wake, da riɗi, da auduga. Iyayenmu da ke gauraya riɗi da hatsi sun san abin da suke yi. Wurin da ƙudujin hatsi ya yi yawa, a sa gyaɗa ko wake zalla shekara ɗaya ko biyu. Wurin da ƙudujin wake ya yi yawa, a sa hatsi ko gyaɗa. Ga amfanin sanin nau'i ke nan: wanda ya sa wake inda ƙudujin wake yake, ya kai wa kura ajiyar nama.

Iri mai jurewa. Masu bincike sun sami wani wake na ƙasar Botsuwana, mai lamba B301, wanda ke jure ƙuduji. Cibiyar IITA, mai reshe a Kano, ta fitar da ire-iren wake masu wannan hali, kamar IT97K-499-35. Ga dawa akwai SRN39. Wani masani ɗan Habasha, Gebisa Ejeta, ya sami babbar kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda aikinsa bisa dawa mai jure fari da ƙuduji. A ƙasarmu, cibiyar INRAN da ke Tarna a Maraɗi, da ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, suna aiki bisa irin shuka. A tambayi malamin gona irin da ya dace da ƙasarmu da tsawon damanarmu.

Tsabtar iri. A zaɓi zangarniyar iri tun tana tsaye, daga wurin da ba ƙuduji, a aza ta bisa tabarma ko rumfa, kada ta taɓa ƙasa.

Renon itatuwa. Manoma sun daɗe da lura hatsin ƙarƙashin gawo ya fi kyau, ƙuduji kuma ya fi ƙaranci a wurin. Sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga jihar Maraɗi wajen 1984, yana maido wa ƙasa ƙarfinta. Wanda ya tsare gawonsa daga kauci, ya rage wa ƙuduji wurin shiga.

7. AIKIN GARI NE

A 1956 aka ga ƙuduji mai jan fure cikin gonakin masara a jihohin Karolina na Amurka. Duk da kuɗinsu da injunansu, sun shafe fiye da shekara 50 suna yaƙi da shi kafin su rage shi ya koma ɗan kaɗan. Abin da ya ba su nasara shi ne, sun hana shi yin ƴaƴa, sun kuma hana ƙwayarsa fita daga gona zuwa gona. Waɗannan biyu ba su fi ƙarfin hannunmu ba.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ka cire naka, maƙwabcinka ya bar nasa, iska ba ta san iyaka ba. Ya kamata kowane gari ya tsaida ranakun gayya na ciron ƙuduji cikin Agusta da Satumba, da yardar mai gari, har da gonakin tsofaffi da na waɗanda suka tafi ci-rani. Damin da ƙuduji ya cinye, shi ne wanda za a nema a rasa lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, aiki kuma ya yi yawa. Waken da ya hana yi, shi ne abincin gina jiki da yara da masu ciki da masu shayarwa suka fi bukata. Yaƙi da ƙuduji yaƙi ne da tamowa.

Ga amsar gardamar cibiyarmu ke nan. Orkide ya hau icce bai ci shi ba. Kauci ya hau ya sha. Ƙuduji bai hau ba, amma ya fi kowa ci.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Mene ne bambancin zaman orkide da zaman kauci bisa icce?
2. Ta yaya ƙwayar orkide da ta ƙuduji suka yi kama?
3. Don me ƙuduji ya fi yawa a gonar da ta gaji?
4. Wane nau'in ƙuduji ne ya fi yawa a gonakin garinku? Yaya kuke gane shi?

LISSAFI

1. Manomi ya bar gindin ƙuduji 200 cikin gonarsa. Idan kowane ya zubar da ƙwaya 50.000, ƙwaya nawa ta shiga ƙasa?
2. Gona tana da gurbi 10.000. Idan aka sa giram 6 na taki a kowane gurbi, kilo nawa ake bukata? Idan giram 2 ne fa?

AIKIN MAKO

Kowane ɗalibi ya zagaya gonarsa, ya rubuta cikin littafinsa wurin da ƙuduji ya fi yawa da abin da aka shuka a wurin bara. A tono gindin hatsi ɗaya da na wake ɗaya da suka kamu, da ƙasarsu, a wanke saiwar a hankali cikin ƙwarya, a kawo cibiya kowa ya ga inda ƙuduji ya kama. Bayan an gama dubawa, a ƙone su.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika rumbunanmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.